Kano zuwa Daura a kan sirdin keke

Mu 'yan keken Asabar ne. Bayan sallar asuba mukan haɗu, mu miƙe titin Zariya ko hanyar Gwarzo, kafin rana ta yi zafi kowa ya koma gidansa ya jingine keke sai wani makon. A cikinmu akwai malamin sakandare, wanda shi ne babbanmu, da ɗan kasuwar Kwari, da ma'aikacin jinya da muke tsokana da Likita, da wani ɗalibi da muke kira Auta, sai ni da zaman ofis ya fara ajiye wa tumbi. Kekunanmu duk na gwanjo ne masu giya, kuma babu wanda ya taɓa shiga tsere.

Likita ne ya daɗe yana mita. A cewarsa hawan Asabar kaɗai yana da amfaninsa, amma jimirinmu ya tsaya cak, domin jikin da ke samun hutun kwana shida tsakanin wahala da wahala ba shi da dalilin sauyawa. Abin da yake so mu gwada shi ne mu hau yau, mu kwana da gajiya, gobe mu sake hawa a kanta. Muka yi 'yan makonni muna haɗa Asabar da Lahadi don share fage, da hutun ƙarshen shekara ya zo sai muka ce Daura za mu, mu dawo. Tazarar ta kai wajen kilomita 130, kuma hanyar tana ratsa jihohi uku, Kano da Jigawa da Katsina. A mota ko awa uku ba a yi.

Gari bai gama wayewa ba muka wuce Kurna. A Dawanau tireloli sun riga sun cika gefen titi, 'yan dako na ta sauke buhunan riɗi da wake da dawa, mu kuwa muna lallaɓawa tsakanin manyan tayoyi da addu'a a baki. Daga nan muka karya dama muka ɗauki hanyar Dambatta, kuma nan ne muka gamu da abokin tafiyar da ba mu gayyata ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuma arewa muka nufa, don haka a fuska muka sha ta. Mai mota ba ya sanin ana iska sai ya ga leda na tashi. A kan keke, titi a shimfiɗe yake amma ƙafa tana faɗa maka hawa kake yi. Leɓe ya bushe, hanci ya cika da ƙura, yatsu suka ƙage a kan birki.

Malam ya jera mu layi ɗaya, tayar gaban kowa kusa da tayar bayan na gabansa. Wanda ke gaba shi ke fasa iska, na baya suna fakewa da shi, kuma sauƙin da ake samu ba kaɗan ba ne, yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da za a kashe. Bayan 'yan mintoci na gaba ya kauce ya koma can baya, na biye da shi ya karɓa. Tsarin yana son amana, domin idan na gaba ya ga rami bai nuna da hannu ba, ko ya danne birki ba sanarwa, to duk layin zai kwanta a kwalta.

Auta bai ga amfanin wannan jan ƙafa ba. Duk lokacin da jan gaba ya zo kansa sai ya sa babbar giya ya miƙe tsaye a kan feda, ya bar mu a baya. Malam ya yi masa magana har ya gaji. Muna dab da Dambatta sai ga shi a gindin wata bishiyar darbejiya, keke a yashe, ya haɗa kai da gwiwa, hannunsa na rawa.

"Likita, wallahi ƙafata ta mutu," in ji shi.

"Ba ta mutu ba, yunwa take ji. Me ka ci tun da muka fito?"

Bai ci komai ba, sai ruwa. Likita ya zaro dabino ya ba shi, ya aika aka karɓo koko mai sukari. Yana shan kokon yana sauraron karatu: jiki yana ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, ajiyar kuma ba ta da yawa, idan ana aiki da ƙarfi takan ƙare cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Wanda ke tafiya a hankali ya fi ƙona kitse, sukarinsa ya daɗe, wanda ke fizga kuwa sukarin yake kwasa. Magani shi ne a riƙa ci tun ba a ji yunwa ba, a riƙa kurɓar ruwa tun ba a ji ƙishi ba, musamman a hunturu da gumi ke bushewa a jiki mutum bai san ya zubar ba. Ma'aunin da ya ba mu na sauri mai sauƙi ne: idan ba za ka iya yin hira da na kusa da kai ba tare da haki ba, ka wuce gejinka. Cikin minti ashirin Auta ya dawo hayyacinsa, kuma daga nan zuwa Kazaure bai sake barin layi ba.

Duwatsun Kazaure muka fara hangowa kafin garin. Akwai 'yan hawa a wajen da ba su kai a kira su tudu ba, amma bayan kusan kilomita 80 a cikin iska sai da na sauko zuwa ƙaramar giyata ta ƙarshe, ina neman wata ban samu ba. Muka ci tuwo da miyar kuka kamar ba gobe, muka ƙara da shayi da burodi, bayan isha'i babu wanda ya iya hira.

Safiya ta biyu ita ce tafiyar gaba ɗaya, a ganina. Kowa yana iya kwana ɗaya, ɗoki ma kaɗai ya isa ya kai mutum Kazaure. Amma da aka kira sallar asuba na yunƙura zan tashi, sai na ji cinyoyina sun zama na wani. Ruku'u da sujada sai da dabara, kuma na ga Alhajin Kwari yana dafa bango kafin ya miƙe daga tahiya. Babban abin da ba a faɗa a bainar jama'a shi ne mazaunai. Zama na farko a kan sirdi da safen nan, sai da kowa ya yi salati. Wando mai soso da man shafawa suna ragewa, amma sabo ne kaɗai ke kawar da shi, sabon kuma ba ya samuwa sai an hau a jere.

Kafin mu fita Likita ya sa kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa na minti ɗaya, kamar yadda ya sa mu riƙa yi a gida da farkawa. Nawa ya ɗan haura abin da na saba gani. Ya ce wannan ba komai, alamar jiki bai gama biyan bashin jiya ba ne. Abin da zai sa ya hana mutum hawa shi ne bugun ya yi sama sosai, ga rashin barci, ga rashin son abinci. Ya kuma raba mana ciwo gida biyu. Tsamin tsoka, wanda yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba, ana hawa da shi a hankali. Ciwon da ke soka a cikin gwiwa ko agara kuwa, ba a yi masa taurin kai.

Rabin awar farko azaba ce zalla. Babu mai magana, sai ƙarar kaca da tarin ƙura. Muka sa ƙaramar giya muna juya feda da sauri ba tare da dannawa ba. Sannu a hankali jini ya zaga, cinya ta saki, kafin mu shiga ƙasar Katsina har Alhaji ya fara ba da labarin wani kwastomansa. Ban ce gajiyar ta tafi ba. Tana nan, sai dai ta koma gefe ta zauna, ta bar ƙafa tana aikinta. Wannan ne abin da ban taɓa sani ba a duk shekarun da na yi ina hawan Asabar, domin ban taɓa ba jikina damar nuna mini ba.

A wani ƙauye da ke bakin hanya tayata ta baya ta sace. Na ɗan sauka daga kwalta ne don kauce wa wata motar itace, ashe tsidau na jira. Muna da tif na canji, amma ga mai faci a ƙarƙashin rumfar kara, sai muka ce a ba shi. Dattijo ne, da kwanon ruwa da ya koma baƙi, da famfon hannu da aka ɗaure bututunsa da roba. Ya zare tif ɗin, ya hura, ya bi shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta taso a wuri biyu. Ya soka tsinken ashana a kowane, ya goge wurin da guntun zarto, ya shafa gam da yatsa, sannan ya ajiye ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Auta ya ce, "Baba, sauri muke." Ya ce gam ɗin bai san da saurinmu ba, sai ya sha iska yake kamawa. Kafin ya mayar, ya zura yatsunsa ya shafa cikin tayar kewaye guda, ya zaro ƙayar da ta rage, ya ɗora mini a tafin hannu.

Muna nan zaune wani mutum ya tsaya a ƙara masa iska. Zai haura sittin, siriri, a kan tsohon baƙin keke marar giya, da buhun gero a kan kariya da kaji biyu a rataye. Ya dubi hulunan kwanonmu da matsattsun wandunanmu, ya tambayi Malam ko gwamnati ce ta aiko mu. Da aka ce masa motsa jiki muke, ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya ba da lafiya, irin yadda ake ce wa majinyaci. Shi kasuwa-kasuwa yake bi, kusan kullum yana kan hanya. Muka tashi tare, kuma ya bi mu a baya tafiya mai nisa, zaune daram, ba haki, har ya karya kwana ya shiga wata burtali. Abin da muka ɗauki hutu muka fito nema, yau da gobe ta riga ta ba shi, ko da yake na tabbata da za a ba shi babur ba zai ƙi ba.

Muka shiga Daura da azahar. Washegari Likita ya hana doguwar tafiya, ya ce a cikin jerin kwanaki dole a sa rana mai sauƙi, ko masu babban tseren keken nan na ƙasar Faransa da ke hawa zango 21 cikin mako uku ana ba su ranakun hutu. Muka taka a hankali zuwa Kongolam, muka hango ƙasar Nijar, muka juyo. Da yamma muka je rijiyar Kusugu, wadda tarihin baka ya ce a nan Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har ya auri sarauniya Daurama. Yanzu rijiyar tana cikin gini, kuma ana jawo wa baƙo ruwan ya sha. Muka sha, Alhaji har da cika gorarsa. Sauran yinin fura da nono ne da barci.

Dawowa wata duniya ce. Iskar da ta wahalar da mu ta koma bayanmu tana turawa, muka sa manyan giyoyin da ba mu taɓa ba tun fitowarmu. Auta ya ce ƙarfi ne ya zo. Malam ya ce ya bari mu juya arewa ya maimaita maganar. Ina ganin kowannensu yana da rabon gaskiya. Iska ta yi aikinta, amma ba ita ta sa zaman sirdi ya daina zafi ba, kuma ba ita ta sa tashin asuba ya zo da sauƙi fiye da na Kazaure ba. Mun kuma koyi ci a kan kari, aljihun kowa cike da dabino da ƙuli-ƙuli, gora ɗaya ta ruwa, ɗaya da haɗin gishiri da sukari. A gefen hanya muna ta ganin aikin layin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura har Maraɗi.

Ba dukanmu muka ƙarasa a kan keke ba. Bayan mun sake kwana a Kazaure, gwiwar Alhaji ta dama ta fara soka. Likita ya duba ya ga sirdinsa ya zame ƙasa, ƙafarsa ba ta miƙewa idan feda ta sauka, kuma da alama ya daɗe yana tafiya a haka. Aka ɗaga sirdin, amma ciwon ya riga ya shiga. A Dambatta muka sa shi a mota, keken a saman but, yana ta rantsuwar cewa da zai iya.

Mu da muka rage muka iso Dawanau da la'asar, muka faɗa cikin hayaƙi da cunkoson 'yan adaidaita sahu. A nan ne Likita ya tsayar da mu ya ba da umarnin ƙarshe: kowa ya ajiye keke na 'yan kwanaki, ya ci, ya yi barci, domin tsokar da aka wahalar a lokacin hutu take ginuwa, kuma sai bayan mako ɗaya ko biyu za mu ga ainihin abin da tafiyar ta ƙara mana. Auta ya tambaya ko zai iya zuwa makaranta da nasa. Aka ce ya je, amma a ƙaramar giya.