Wata bakwai ina ce wa ɗana babansa ya tafi Yawunde

Alhali mutumin yana nan Garwa, ko gadar Binuwai bai tsallaka ba, har ya yi sabon aure.

Sauran lamarin rabuwarmu bai ba ni wuya ba. Na gama idda, manya suka zauna, aka bar mini yaran, tunda a Malikiyya uwa ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare ɗakin miji. Kowa ya ce in yi haƙuri, na yi. Yaran ne ba wanda ya ce musu uffan, har ni.

Babban shekararsa tara, yana aji CM1, wato aji biyar na firamare. Sai ya koma fitsarin kwance, ya daina wasa, ka kira shi sau uku kafin ya ɗago. Inna ta ce iska ce. Rubutu, hayaƙi, sadaka, jaka sittin ta sefa ta tafi. Ba raina rubutu nake ba, da shi aka raine ni, amma ba a nan ciwon yake ba.

Maƙwabciyata ce ta ja ni ofishin kula da jin daɗin jama'a. Na tafi ina rufe fuska da mayafi, a ganina wurin masu taɓin hankali ne. Matar da ke can ta miƙa masa takarda da fensir, ta ce in jira a waje. A zuwa na uku ya buɗe baki. Ashe tun watan farko ya hango babansa bisa babur a bakin babbar kasuwa. Ya san ƙarya nake. Shi a ransa shi ya kori uban, don ya fasa masa waya ranar da muka yi faɗan ƙarshe. Wata bakwai yaro yana ɗauke da wannan, ni kuwa ina ta cewa Yawunde.

Matar ofishin ta ce mini, "'Yar'uwa, ku faɗa masa tare, ke da uban, ku ce ba laifinsa ba ne." Kiran mutumin nan ya fi mini komai ɗaci, amma na kira. Ni ma da ta ji ba na barci sai ta ba ni rana tawa.

Duk mai irin halina, ta faɗa wa yaro gaskiya daidai shekarunsa tun makon farko. Kar a zagi uban a gabansa, kar kuma a ƙirƙiro tafiya.

Fitsarin ya tsaya bayan wata biyu, uban yana zuwa ɗaukarsu ran Juma'a. Amma har yau in na ce masa zan je kasuwa in dawo, sai ya tsura mini ido ya ce, "Mama, da gaske?"