Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwana 74 Ban Ga Al'ada Ba

A makon jiya na tsaya a ranar da likita ya miƙo min takardar gwajin jini ya ce sugana ya fara hawa. Bai kai ciwon suga ba tukuna, amma saura ƙiris. Shekarata 46 a lokacin, nauyina kilo 94. Na fito daga asibitin jikina a sanyaye, domin ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifiyarmu kafin ya yi ajalinta, ni ce kuma na yi jinyarta.

Wata ƙawata ce ta fara yi min maganar keto. Ta girme ni da shekara biyu a wajen wannan tsarin, kuma na ga yadda ta zube da idona. Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce: ki yanke abinci mai sitaci da zaƙi, kada ya wuce giram 20 zuwa 50 a yini, ki koma kan mai da ƙwai da kifi da nama da ganyayyaki. Don ki gane ƙanƙantar wannan adadin, ayaba ɗaya matsakaiciya tana ɗauke da kusan giram 27. Shinkafa, burodi, taliya, dankali, duk na sallame su rana ɗaya. Idan jiki ya rasa suga na kwana biyu zuwa huɗu, sai hanta ta shiga sarrafa kitse tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, su ne ƙwaƙwalwa da tsoka ke amfani da su a madadin suga. Sai daga baya na san cewa tun asali magani ne. Wani likita mai suna Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ne ya raɗa masa suna a 1921, kuma don masu farfaɗiya aka tsara shi, musamman yara, ana yi ana auna su. Ni kuwa na shiga ba mai auna ni sai sikelin da ke banɗakina.

Kwana na uku kaina ya yi kamar zai tsage. In na miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ni. Maigidana ya ce bakina na fitar da wani wari irin na ruwan goge jan farce. A ƙarshen makon farko sikeli ya nuna na rage kilo 3, na yi murna har da ƙwalla. Ban san yawancinsa ruwa ba ne, don sugan da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka da ruwa yake tafiya, in ya ƙare ruwan ya bi fitsari ya fita, ya tafi da gishiri. Ciwon kan da jirin ma daga nan suke.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne yunwa ta ɗauke. Ni da ban iya kai wa hantsi ban sa wani abu a baki ba, sai ga shi ina wuni ban tuna da abinci ba. Na bar karin safe, na bar na rana, na koma cin abinci sau ɗaya da yamma. A zuciyata ina ganin ƙarin nasara ce.

Tun ina budurwa al'adata ba ta saɓa min ba, kwana 28 ko 29, ta yi biyar ta ɗauke. A wata na biyu da fara keto sai ta zo a kwana 20. Jini ya ɓalle kamar an buɗe famfo, da gudaji-gudaji, ina canza auduga duk bayan awa biyu, da dare ina shimfiɗa tawul a kan zanin gado. Sai da ya yi kwana 9. Daga nan kuma shiru. Kwana 35 shiru, 45 shiru, 60 shiru.

Ba na manta daren da na yi gwajin ciki. Autana shekararsa 14 a lokacin. Na bari kowa ya yi barci, na shiga banɗaki na kulle, na ajiye ɗan tsinken gwajin a bakin abin wanke hannu, na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa. Tayil ɗin sanyi ƙalau, hannuwana sun fi shi sanyi. Minti uku da aka ce a jira sun yi min tsawo ainun. Da na leƙa, layi ɗaya ne. Na ɗauka zan ji sauƙi, sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. In ba ciki ba ne, ke nan ta tafi gaba ɗaya, ko sallama ba mu yi ba? Na daɗe zaune a wurin ina kuka marar sauti, ban ma san takamaiman abin da nake yi wa kukan ba.

Da safe na kira yayata. Ita tata ta ɗauke tana da shekara 50.

"Ƙanwata, girma ne ya zo," in ji ta. "Kowace mace sai ta bi ta nan. Ki kwantar da hankalinki."

"Yaya, to sanyin fa? Ke zafi kike ji. Ni da rana sanyi, da dare gumi."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wannan kam ki je asibiti."

Ƙawata kuma cewa ta yi jikina ne ke gyara kansa, in ƙara haƙuri. Amma duk safiya in na taje kaina sai na cire dunƙulen gashi daga matajin. Bayan gida sai in kwana uku ban yi ba. Ƙarfe uku na dare nake farkawa rigata sharkaf, ƙirjina na dukan uku-uku. Nauyi dai na ta sauka, na kai kilo 82, kowa na yaba min.

Likitar mata da na gani ba ta fara da gwaji ba. Takarda ta turo min da biro.

"Hajiya, rubuta min duk abin da kika ci jiya."

Na rubuta: ƙwai biyu, yankan kifi ɗaya, ganye da ɗan mai, shayi ba suga kofi biyu. Ta lissafa a gefe ta ce da ƙyar ya kai kalori 800, wato bai kai rabin abin da jikina ke buƙata ba. Sannan ta tambaye ni yadda al'adata take a shekarar da ta gabata, kafin in fara keto. Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na tuna. Akwai watan da ta zo a kwana 24, akwai wanda ta kai 36. Ban ɗauke su a bakin komai ba.

Ta juya takardar ta zana kai, ta zana mahaifa da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ta haɗa su da layi. Ta ce al'ada daga ƙwaƙwalwa take farawa. Akwai wani sashe da ake kira haifotalamos, shi ke aika saƙo ga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashinsa, ita kuma ta saki sinadarai biyu, FSH da LH, su je su tayar da ƙwai. Ƙwan da ke girma yana samar da istirojin, wanda ke kaurara shimfiɗar cikin mahaifa. In ƙwan ya fita, sai furojestaron ya biyo baya ya daidaita shimfiɗar, ta zube a kan lokaci.

"A shekarunki," ta ce, "ƙwayayen sun yi ƙaranci. Wani watan ƙwai ya fita, wani watan bai fita ba. In bai fita ba babu furojestaron, istirojin kuwa yau ya yi sama gobe ya faɗo. Shimfiɗar ta yi ta kauri ba mai tsayar da ita, ranar da za ta zube sai ta zube da yawa. Abin da kika gani ke nan a kwana taran nan."

Ta ce masana sun sa alamu biyu. In tsawon wata da wata ya riƙa bambanta da kwana 7 ko fiye, mace ta shiga farkon zangon da ke kai wa ga ɗaukewar al'ada. In ta fara tsallake kwana 60 ko fiye, ta kai ƙarshensa. Ba a cewa al'ada ta ɗauke sai an cika wata 12 cur ba a ga jini ba, kuma yawanci tsakanin shekara 45 da 55 hakan ke faruwa.

"To, Likita, abincin ba shi da laifi ke nan?"

Ta ɗora biron a kan zanen kan. Ta ce wannan sashen na ƙwaƙwalwa yana lura da abin da ke shiga ciki. In abinci ya yi ƙaranci, kitse na narkewa da sauri, wani sinadari mai suna leftin yakan ragu, sai ƙwaƙwalwa ta fahimci ana cikin rashi, ta rage aika saƙon haihuwa. Sinadari mai aiki na tayirod (wata 'yar halitta ce a wuya), T3, shi ma yakan sauka, jiki ya rage ƙona makamashi, shi ya sa nake jin sanyi. Zubar gashi kuma takan biyo bayan rama ta gaggawa da wata biyu ko uku. Ma'ana abu biyu ne suka haɗu a kaina lokaci guda, shekaru na janye ƙwai daga ƙasa, yunwa na rage saƙo daga sama, kuma dukansu alama ɗaya suke nunawa. A ƙa'ida FSH yakan hau in shekaru ne, ya zauna ƙasa in yunwa ce, amma a wannan zangon yana hawa yana sauka, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Abin da zai raba gardama shi ne in ci abinci mu gani.

Dole in yi wa tsarin adalci, don ita ma ta yi masa. Yawan insulin a jini, wato sinadarin da ke daidaita suga, yana sa ma'ajiyar ƙwai ta samar da sinadarin maza fiye da kima, wanda ke hana ƙwai fita. Haka lamarin yake ga yawancin mata masu larurar da ake kira PCOS. Irin waɗannan, in suka rage sitaci insulin ya sauka, al'adar da ta ɓace takan dawo. A wani ɗan ƙaramin bincike da aka wallafa a 2005 daga Jami'ar Duke, mata 11 masu wannan larura ne suka fara keto, 5 suka kai ƙarshen mako 24, an ga insulin da sinadarin maza sun ragu a jikinsu, biyu daga ciki ma sun samu juna biyu. Ƙawata tana da wannan larurar tun tana yarinya. Gaskiyarta ta faɗa da ta ce jikinta ya gyaru. Kuskurena shi ne na auna jikina da nata. Likitar ta kuma ja min kunne cewa tsallake wata biyu ba ya nufin ciki ba zai shiga ba. Mace 'yar ƙasa da 50 ana ba ta shawarar ci gaba da kariya har shekara biyu bayan jinin ƙarshe, wadda ta haura 50 kuma shekara ɗaya.

Har yau abin na ci min rai. Duk waɗanda suka yaba min rama, duk waɗanda suka koya min lissafin giram, babu wanda ya taɓa tambayata ya al'adata take. Mace mai shekara arba'in da wani abu ana yi mata maganar tumbi da sikeli, ba a yi mata maganar ƙashinta da ke fara raguwa da sauri a daidai wannan lokacin, ba a yi mata maganar jinin da take zubarwa. Ni ma ban tambayi kaina ba, kunya da murnar rama sun rufe min baki.

Sakamakon gwaji ya fito bayan kwana uku. Tayirod ɗina ba shi da ciwo, sinadarin nono ma daidai. Suga ya sauka sosai, wannan kam keto ya yi min rana. Amma jinina ya yi ƙasa, awonsa 10.2, alhali bai kamata na mace ya gaza 12 ba. Mugun kitsen jini, LDL, ya hau fiye da yadda yake kafin in fara. Ta rubuta min maganin ƙarin jini, ta ce in koma cin abinci sau uku, in ɗaga sitaci zuwa wajen giram 100 a yini daga wake da 'ya'yan itace da hatsin da ba a cashe ba, in rage kitsen dabba in ƙara kifi da man zaitun, in riƙa shan madara saboda ƙashi. Suga da lemon kwalba dai ta ce in ci gaba da nisantarsu. Ta kuma ce in sayi ƙaramin littafi in riƙa rubuta ranar zuwan jini, kwana nawa ya yi, auduga nawa na canza.

Ranar da na fara karin safe hannuna rawa yake, gani nake kilo goma sha biyun nan za su dawo kafin dare. Kilo ɗaya da rabi ne ya dawo a makon, ruwan da ya tafi da farko, ya tsaya a nan. Cikin kwana goma sanyin ya bar ni, cikina ya saki. A kwana na 74 da asuba na ga jini. Na tsaya ina kallonsa kamar ranar da na fara gani ina 'yar shekara 13.

Ba ta koma yadda take a da ba. Littafina ya nuna 26, sai 41, sai 23. Gumin dare ma bai tafi ba, kuma likitar ta ce kada in sa ran tafiyarsa da wuri, don babban binciken SWAN da ya bi mata fiye da 3,000 a Amurka ya gano cewa ga masu yawan fama da shi yakan kai shekara bakwai da wani abu. Sanyi da zubar gashi da dogon shirun nan sun tafi da dawowar abinci. Rikicewar kwanaki da gumin sun zauna, waɗannan na shekaru ne.

Saura abu ɗaya da ba ta bari ya wuce ba. Ta ce duk macen da ta haura 45 ta zubar da jini irin wanda na zubar, fiye da mako guda da gudaji, ba a ɗora wa shekaru ko abinci laifi sai an leƙa cikin mahaifar. Ta rubuta min takardar hoton ciki. Ranar da na je, mai ɗaukar hoton tana ta hira da ni tana zagaya na'urar a marata, sai ta yi shiru, ta dawo da na'urar wuri ɗaya, ta danna, ta sake dannawa, sannan ta ce in jira ta kira likita.

Abin da suka gani, da yadda na faɗa wa maigidana a mota, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.