Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daren da Faifai Biyu Suka Ƙi Jituwa

A makon jiya na tsaya a inda maigidana, wanda DJ ne mai saka wa masu rawa kiɗa, ya yarda in riƙa taɓa injin faifansa kafin jama'a su taru. A Berlin ke nan, a wani ɗan gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa inda nake wanke kofuna don in haɗa kuɗin haya.

Kiɗan wurin shi ne wanda suke kira minimal, wato tekno, kiɗan rawa na na'ura, da aka tatse sai ƙashi. Daga Detroit ta Amurka ya taso a shekarun 1990, Berlin ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ganga ɗaya ke dukan ƙasa, sai 'yar kacau-kacau, sai wani gurnani can ƙasa. Ranar farko cewa na yi a raina, wannan ai lugude ne babu waƙa.

Darasin farko daidaita gudu. Injin faifai biyu ne, Technics SL-1200, kowanne da 'yar sandar da ke ƙara gudu ko rage shi har kashi 8 cikin ɗari. Kunne ɗaya na lasifika, ɗayan na sauraron faifan da ke jiran shiga. Da zarar ɗaya ya ɗan tsere wa ɗan'uwansa, sai ka ji kamar sukuwar dawaki. Wata uku na yi kafin dawakina su daina gudu.

Sai maganar murya. Maigida ya rubuta lamba a jikin kowace jakar faifai: 8A, 9A, 4B. Tsarin Camelot ke nan, mai nuna muryar kowane faifai, da'ira kamar fuskar agogo daga 1 zuwa 12, kowace lamba da A da B. Faifai yana jituwa da mai lambarsa ko da maƙwabcinsa, 8A ta bi 7A, 9A ko 8B. Na haddace, har na fara jin kaina.

Wata Asabar wajen ƙarfe uku na dare ya ce in riƙe masa, zai sha iska. Faifan da ke kai 8A ne, bugu 127 a minti. Na zaro wani 8A mai bugu 120, na ja sanda kusan kashi 6, gangunan suka zauna daram. Na ƙirga bugu 32, na buɗe shi. Subhanallahi! Gurnanin biyu suka sarƙe kamar kishiyoyi a tsakar gida. Kuma kiɗan nan ba shi da tarkacen da kuskure zai ɓuya a ciki. Wata mata da ta fi awa tana rawa ido rufe ta buɗe ido ta harare ni.

Maigida ya dawo da sauri, ya kashe gurnanin tsohon faifan, shi ke nan wuri ya lafa.

"Yaro, ka ƙara gudu, ka zaci murya za ta tsaya jiranka?"

Ashe ƙarin kashi 6 yana ɗaga murya kusan taki ɗaya a kan fiyano, kamar yadda makaɗi ke matse kalangu a hammata. 8A ɗina ta koma 3A ban sani ba. Injinan CDJ, masu saka kiɗa daga CD ko fayil, suna da maɓallin da ke riƙe murya, faifan roba kuwa babu ruwansa.

Washegari ya tura mini akwatuna huɗu, ya ce in jera su bisa gudu tukuna, lambar murya daga baya. A ƙasan akwati na uku na tsinci wani farin faifai marar suna, wanda ya jawo mini rigima da maigida. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.