Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da na sake zana JAMB

Makon jiya na tsaya a inda sakamakon JAMB (jarrabawar shiga jami'a) na 2017 ya fito, na samu 168 cikin 400. Wasu sun tambaye ni me ya hana ni karɓar kowane kwas, tunda a shekarar an sauko da mafi ƙarancin makin shiga jami'a zuwa 120. Ni harhaɗa magunguna nake so a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma 168 ba ta kai mutum ko bakin ƙofar wannan sashe.

A daren ne Baffa ya yi maganar da har yau take ci min rai. A zaure ya faɗe ta, gaban yaran shagonsa da manoman da suka kawo masa shinkafa daga fadama: "Wanda bai ci ba bara, mi za ya ci bana? Ya taho shago ya riƙa yi min awo." Da a ɗaki ya kira ni, da na haƙura. Amma kafin la'asar washegari rabin unguwarmu a Argungu ta ji cewa ɗan marigayi ba shi da kan boko.

Baffa bai taɓa tambayar yadda jarrabawar take ba. Tun 2015 aka daina ta a takarda, ta koma kwamfuta gaba ɗaya, mu kuwa makarantarmu babu kwamfuta mai aiki ko ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: Turanci 60, sai Fiziks, Kimistiri da Bayoloji 40 kowanne. Ka lissafa, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Babu malamin da ya taɓa yi mana wannan lissafin. Lissafin Fiziks ya cinye min lokaci, Bayolojin da na fi kowa iyawa a ajinmu kuwa ban kai rabinta ba allon ya rufe.

Inna ce ta sayar da tunkiyarta, Allah ya jiƙanta da rahama. Ba ta san mene ne JAMB ba, cewa kawai ta yi, "Tahi Birnin Kebbi wurin yayanka, ka koyi abin nan da ka ce." Yaya ya haɗa ni da wani mai shagon kwamfuta, ina share masa shago da safe, shi kuma ya bar ni a kan na'ura idan babu jama'a. A nan na gane ashe ko linzamin kwamfutar ba sai ka taɓa ba: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka wuce gaba, P ka dawo baya. Abin da yaron birni ya sani tun yana firamare.

Sai manhajar JAMB, wadda ke jera batutuwan da za a tambaya a kowane darasi. Na buga ta, ina soke duk batun da na gama. Tsofaffin tambayoyi kuwa da agogo a gabana nake yinsu bayan asuba, awa biyu cur, ba tashi. Duk wadda na faɗi sai na koma littafi na nemo dalili, domin haddace amsa ba ta tsallakar da kowa idan aka juya tambayar. Na sauya tsari: Bayoloji da farko, sai Turanci, Kimistiri, lissafin Fiziks a ƙarshe, kuma ba na barin tambaya babu amsa. Littafin labarin da ake sa wa a Turanci na karanta shi da kaina, ban dogara da taƙaitawar da ake sayarwa a tasha ba. Jarrabawar gwaji ma na zauna ta.

"Mi za ya ci bana?" A 2021, shekarar da aka wajabta lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa kafin rajistar JAMB, Baffan nan da kansa ya kamo hannun autansa ya kawo min, wai in koya masa. Na koya masa, don jinina ne, kuma yaron bai yi min komai ba. Amma ko a ranar Baffa bai ce min "na yi kuskure" ba, ni ma ban tuna masa ba. Yanzu nake faɗi.

Mu koma baya. A watan Maris na 2018 muka zana, wata goma ke nan bayan ta farko. Na gama da sauran lokaci har na sake duba Fiziks. Da sakamako ya fito, 247. Yaya ya buga takardar kwafi uku, ɗaya ya aika wa Inna, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Da labari ya kai shago, abin da Baffa ya ce shi ne, "Sa'a ta ta." Wata goman da na yi ina tashi kafin kiran salla, shi ya kira sa'a.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin tafiyata Sakkwato tantancewa, da wanda ya biya min kuɗin mota.