Takardun wanda ba a ɗauka aiki ba

Mai neman aiki ba ya iya cewa a'a. Babban abin da zama a sashen ɗaukar ma'aikata ya koya mini ke nan. Ka ce ya kawo lambar NIN, zai kawo. Ka ce BVN, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma, da takardun mutum biyu da za su tsaya masa, duk zai tattaro ya miƙo, har ya yi maka godiya. Matsi ne ya sa shi. Don haka sa hannun da yake yi a ƙasan fom, cewa ya amince a bincike shi, bai sauke mana nauyin komai ba.

Binciken kansa ban raina shi ba. Takardun bogi suna nan, kuma wanda za a damƙa wa kuɗin jama'a dole a san ko wane ne. A tantance sakamakon WAEC ko NECO, a tambayi jami'a, a duba takardar bautar ƙasa, direba a duba lasin tuƙinsa. Amma mene ne haɗin aikin akawu da ko mace tana da ciki, ko wace ɗariƙa mutum yake bi? Binciken aure ne ake shiga unguwa ana tambayar asali, kuma mu ba aure za mu ɗaura ba. Gwajin ƙanjamau kuwa, dokar hana tsangwama ta 2014 ta haramta a sa shi sharaɗin ɗaukar aiki a Najeriya, amma har yau akwai masu cusa shi cikin gwajin asibiti ba tare da sun faɗa wa mutum ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran wurin da mutum yake aiki yanzu. Na ga an yi wa wata baiwar Allah haka, tun ba a yanke shawara a kanta ba. A ƙarshe ba a ɗauke ta ba, can kuma ogan nata ya ji tana neman tafiya, zama ya gagara. Kira guda ya raba ta da abincinta. Yanzu ba ma buga wa kowa waya sai an ba mutum takardar tayin aiki, shi kuma ya ce mana ga wanda za ku kira. BVN da lambar asusu ma sai ranar da za a sa sunansa a takardar albashi.

Sai tarin takardun waɗanda ba su yi nasara ba, kuma su ne suka fi yawa. Kowa ya san inda suke ƙarewa: hannun mai ƙosai da mai tsire, da suna da hoto da lambar waya a jiki. Waɗanda aka turo ta WhatsApp sun fi muni, domin ba ka san wayoyi nawa suka shiga ba. Da irinsu 'yan damfara suke kiran matashi su ce ya samu aiki, ya turo kuɗin fom. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa NDPC, hukumar da ke sa ido kan kare bayanan, ta ce kada a karɓi fiye da abin da ake buƙata, kada kuma a riƙe shi bayan buƙatar ta wuce. Mun sa wa'adi, in ya cika a ƙona takardu, a goge na kwamfuta.

Inda nake ta jayayya da manyana har yanzu shi ne fom ɗin garanto, wato na wanda zai tsaya wa mai neman aiki. Kawu ko tsohon malami ya ba da katin shaidarsa da adireshin gidansa don ya taimaki yaro, yaron ma ba a riga an ɗauke shi ba. Ni dai ina ganin bai kamata a nemi wannan fom ba sai ranar kama aiki.