Yadda na matse Linux cikin ɗan ƙaramin faifai, da guda nawa na lalata kafin ya yi

Abin ya fara ne da wani ɗan kwali da na tsinta a ƙasan durowa, faya-fayan CD ne guda goma amma irin ƙananan nan masu faɗin santimita 8, ba manyan da aka saba da su masu santimita 12 ba. Duk wanda ya taɓa sayen modem ko kyamara a shekarun baya ya san su, a cikinsu ake zubo direbobi a cusa a kwali. Nawa dai fanko ne, ba a taɓa rubuta komai a kansu ba. A lokacin kuma ina da tsofaffin kwamfutoci uku da nake ta fama da su, biyu daga ciki BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta tun daga kunnawa, bai ma san ana tayar da kwamfuta daga filashi ba, ko CD ko had dis, shi ke nan. Sai na ce to me zai hana in haɗa faifan girka Linux nawa na kaina wanda zai shige aljihun riga, in na zaro shi mutum ya yi dariya sannan ya ga aiki. Ai an ce a bar ganin ƙanƙantar allura, ƙarfe ce.

Kuskurena na farko tun kafin in taɓa kibod na yi shi. Na ɗauka duk ƙaramin CD megabait 210 ne, don haka na sa ma kaina 205 a matsayin iyaka. Ashe kala biyu ne aka fi samu, akwai mai minti 24 akwai mai minti 21. Lissafin kuwa ba wuya, CD na ɗaukar sekta 75 a kowace daƙiƙa, kowace sekta bait 2048, to mai minti 24 zai ba ka sekta 108,000 wato wajen megabait 210, mai minti 21 kuma sekta 94,500 wato wajen 185. Nawa masu minti 21 ne, an ma rubuta a jikin kwalin da ƙananan baƙaƙe, ni ne ban duba ba. Sai da na kwana biyu ina murna na sauko 203 sannan manhajar ƙona faifai ta ce mini babu wuri. Da na buga umarnin wodim -atip mai karanto bayanan faifai tun farko da faifan a ciki, da ya gaya mini gaskiyar tsawonsa a cikin daƙiƙa biyar.

Ba ni na fara wannan haukan ba dai. Damn Small Linux tun farkon shekarun 2000 aka gina shi don ya tsaya a megabait 50 ya shiga faifan nan mai siffar katin kasuwanci, kuma da tebur ɗinsa da burauza da komai. Puppy Linux na Barry Kauler ya fito a 2003, Tiny Core na Robert Shingledecker ya biyo baya har yanzu bai wuce 'yan megabait ashirin da wani abu ba. Ita kanta Debian, ɗaya daga cikin manyan nau'o'in Linux, a da tana fitar da hoton faifai na katin kasuwanci, kuma netinst ɗinta na wancan zamanin, wato ƙaramin faifanta na girkawa, yana shiga ƙaramin CD. Yanzu kam netinst na Debian 12 ya haura megabait 600, tunda daga wannan fitowar ta 2023 suka fara haɗa famwaya, wato manhajar da na'ura ke buƙata kafin ta yi aiki, na katunan waya-fai da sauransu a ciki. To me ya sa ban ɗauki Tiny Core kawai na huta ba? Saboda ba tsarin da zai yi yawo a RAM nake so ba, ina son in girka cikakken Debian a had dis wanda gobe zan yi masa apt update, wato sabunta jerin manhajoji, kamar kowa, kuma girkawar ta yiwu ko babu intanet. Akwai mini.iso ɗinsu ɗan ƙarami sosai amma shi komai daga intanet yake jawowa, bai biya mini buƙata ba. Debian 12 ɗin na riƙe kuma don ɗaya daga cikin kwamfutocin 32-bit ce, daga Debian 13 babu sauran kanel, wato zuciyar tsarin, da manhajar girkawa na i386, wato na irin wannan 32-bit ɗin.

Da can na taɓa yin irin wannan da Windows XP, da wata manhajar rage faifan Windows mai suna nLite. Za ka kwafe faifan a folda, ka haɗa masa SP3, ka cusa direban SATA don kada ya tsaya yana neman filofi a wajen da ake danna F6 lokacin girkawa, sannan ka yi ta cire tik a kan harsuna da direbobin firinta da wasanni. Wannan ya sa na shigo da tunanin cewa aikin duk gogewa ne, a ɗauko babba a yi ta yanka har ya shiga. Haka na yi wa netinst. Na buɗe shi, na shiga foldar pool na fara share duk ƙunshin manhaja, wato fakej, da sunansa bai yi mini kama da abin amfani ba. Faifan ya tashi lafiya, ya tambayi harshe, ya tambayi kibod, yana zuwa wajen girka ainihin tsarin sai ya tsaya cak da jan allo. Dalili, akwai fayil ɗin Packages da ke lissafa duk abin da ke cikin faifan, akwai Release da ke riƙe da lambobin tantance lissafin, akwai md5sum.txt, ni kuma na kwashe kaya daga sito na bar littafin sito yadda yake. Ana iya gyara su da apt-ftparchive, na ma gyara, amma sai wani fakej ya ce yana buƙatar wani da na share, na dawo da shi, shi ma ya kira ƙaninsa. Na yi kwana uku a wannan zagayen kafin na haƙura.

Abin da ya yi aiki shi ne juya tunanin gaba ɗaya, a fara daga babu a riƙa ƙarawa. Na yi debootstrap --variant=minbase a wata folda, wannan yana ba ka ƙashin Debian zalla, ko kanel babu. Na shiga foldar da chroot kamar ita ce tsarin, na saka kanel, da grub mai tayar da tsarin, da live-boot mai tayar da shi daga faifai, da kayan yanka had dis, da kayan netwok kaɗan, kuma duk abin da zan saka sai da --no-install-recommends, wallahi wannan kalmar ita kaɗai ta fi duk share-sharen da na yi a baya amfani, don fakej ɗaya na iya jawo maka abokai talatin da ba ka gayyata ba. Sannan na rubuta ɗan fayil a /etc/dpkg/dpkg.cfg.d da layukan path-exclude don kada a ma zuba /usr/share/man da fassarorin /usr/share/locale da tarin takardun /usr/share/doc tun asali. Amma na bar fayilolin copyright, ba su da nauyi kuma in za ka ba wani faifan ya kamata lasisin ya bi shi. A ƙarshe apt clean, da share abin da ke /var/lib/apt/lists, mutane na mantawa da wannan alhali shi kaɗai megabait masu yawa ne.

Sai matsewa. mksquashfs, mai dunƙule tsarin duka cikin matsattsen fayil ɗaya da ake kira squashfs, da -comp xz da -b 1M, maimakon gzip da bulok na 128K da yake zuwa da shi. Bambancin ba kaɗan ba ne, amma fa akwai kuɗin da ake biya, tsohuwar farosesa tana gumi kafin ta warware xz, ga faifan da kansa ba sauri ba, to tashin yana ɗaukar lokaci har za ka zaci ta maƙale. Na yarda da hakan tunda sau ɗaya ake girkawa. Wani abin da na gano a makare, kanel da initrd, wato ɗan tsarin farko da kanel ke amfani da shi yayin tashi, suna zaune sau biyu, ɗaya a foldar live ta faifan don tashi, ɗaya a cikin /boot na squashfs, kuma tunda dama a matse suke xz ba ya rage musu komai. Na cire na cikin squashfs na sa sikirif ɗin girkawa da na rubuta ya kwafo daga faifan. Nan take na samu sarari ba tare da na rasa komai ba, irin ribar da na fi so ke nan.

Inda na yi garin neman gira na kusa rasa ido shi ne direbobin kanel. Su ne mafi nauyi a duk abin, to na ga dama. Na share na katin talabijin, na sauti, na na'urorin da ban taɓa gani da ido ba, wannan duk lafiya. Sai na zo kan initramfs, wato initrd ɗin nan, na canza MODULES=most zuwa dep don ya ragu, ban yi tunanin cewa dep yana duba kwamfutar da kake ginin a kanta ba ne, tawa kuma sabuwa ce ko ramin CD ba ta da shi. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta don gwaji, ya faɗo mini a baƙin allo da (initramfs) yana cewa bai samu wurin da tsarin yake ba. Na ce ai na gane, na koma MODULES=list na rubuta sunayen direbobin da hannu, sr_mod, isofs, squashfs, loop, overlay, ata_piix da 'yan uwansu. Ya tashi tsaf a QEMU, na gwada sau uku, na ƙona faifai cike da taƙama. Kwamfuta ta farko ta karɓa. Ta biyu ta karanta menu, ta loda kanel, sannan ta faɗa wancan baƙin allon dai. Na fi awa ɗaya ina zargin faifan, har na ƙona wani a gudu mafi ƙanƙanta, abu ɗaya. Ashe cif ɗin madabod ɗinta na VIA ne, pata_via take so, shi kuwa QEMU cif ɗin Intel yake kwaikwayo shi ya sa bai taɓa nuna mini matsalar ba. BIOS ne ke karanto kanel daga faifan, amma da zarar kanel ya karɓi ragama sai da direbansa zai ga faifan da ya fito daga ciki, abin kamar wasa. Na koma most na haƙura da 'yan megabait ɗin, na je na rage a wani wajen. Duk abin da ya shafi ganin dis, da kibod na USB, da katin netwok na waya, yanzu ba na taɓa shi ko zai kai nawa.

Haɗa hoton faifan kansa bai ba ni wahala sosai ba, in ban da sau ɗaya da na manta -boot-info-table. Tsarin tayar da kwamfuta daga CD sunansa El Torito, tun 1995 yake, kuma isolinux, mai tayar da Linux daga CD, yana son layinsa cikakke a xorriso, manhajar haɗa hoton faifai, -b isolinux/isolinux.bin, -c isolinux/boot.cat, -no-emul-boot, -boot-load-size 4, da wancan da na manta. Sannan dole ldlinux.c32 ya zauna kusa da isolinux.bin in ba haka ba ko menu ba za ka gani ba. UEFI kam, wato magajin BIOS a sababbin kwamfutoci, ban saka ba sam, sai an ƙara wani hoton FAT a ciki, kuma kwamfutar da ke da UEFI ai tana tashi daga filashi, ba ita na yi wa faifan ba.

Sikirif ɗin girkawar bai kai layi ɗari ba. Ya nuna maka dis ɗin da ke akwai, ka rubuta sunan wanda za a share da hannunka sau biyu, ya yanka da sfdisk, ya yi mkfs.ext4, ya warware squashfs a ciki, ya rubuta fstab da UUID, ya yi grub-install. Nan ma na sha kunya iri biyu. Na farko, bayan na girka a kwamfutoci biyu sai na ga suna faɗa a kan adireshin IP ɗaya, in wannan ta shiga waccan ta fita. /etc/machine-id, fayil mai ɗauke da lambar shaidar kwamfuta, shi na bari a cikin squashfs, duk suka gaji lamba ɗaya, shi kuma systemd-networkd daga ita yake ƙirƙiro shaidar da yake nuna wa DHCP mai raba adireshin IP. Makullan SSH na shiga kwamfuta daga nesa ma haka, duk iri ɗaya. Yanzu ina mayar da machine-id fanko in share makullan kafin matsewa, sikirif ya ƙirƙiri sababbi. Na biyu, fayil ɗin path-exclude ya bi tsarin har had dis, bayan wata guda na buga man rsync aka ce babu, na sake saka fakej ɗin aka ce babu, sai can na tuna ni na hana da hannuna.

Wani abu kuma da ba ruwansa da manhaja, kar ka kuskura ka tura ƙaramin faifai a laftof mai ramin zuƙa, irin wanda ba tire sai dai tsaga. Yawancinsu don santimita 12 aka yi su. Tire ne ke da ɗan zagayen nan a tsakiya da ƙaramin ke kwanciya a ciki. Na san wannan sarai amma na ce bari in gwada ko wannan daban ce, sai da na kwance laftof ɗin kafin na fito da shi, ya karce.

Da na san akwai CD-RW na wannan girman da tun farko shi na nema, da ban yi asara haka ba. Cikin goman nan, ɗaya ya tafi a netinst ɗin da na yi wa yankan ƙauna, biyu a rikicin pata_via, ɗaya a boot-info-table, ɗaya a cikin laftof, ɗaya kuma mai machine-id ɗin nan wanda yana aiki amma ba na yarda in ba kowa. Na bakwai ne ya tsaya, megabait 181, babu tebur babu burauza, baƙin allo ne da apt mai jiran a jona waya. Na rubuta masa kwanan wata da maka a jiki. Saura uku a kwalin, ina ta tunanin ko zan iya cusa ƙaramin manajan taga a megabait huɗun da suka rage, ko kuwa in nemo ƙaramin DVD mai gigabait 1.4 in huta, sai dai ɗaya daga cikin tsofaffin nan CD kawai take karantawa.