Yadda na kalli zari-ruga a Ellis Park

Harkar kasuwa ce ta kai ni Johanasbag a ƙarshen Agustan 2024, ba wasa ba, ni da ko ƙwallon ƙafa sai Pillars na wasa nake leƙawa balle wani zari-ruga. Daga Legas kusan awa shida ne a jirgi, na sauka a OR Tambo, ɗan wan babana da ya daɗe a ƙasar ya ɗauke ni zuwa Mayfair inda yake zaune, kusa da Fordsburg, unguwannin da ke cike da masallatai da shagunan Indiyawa da Somaliyawa, abincin halal ba sai ka yi tambaya ba. Abin da na fara lura da shi a garin shi ne numfashi, bene hawa biyu kawai na hau na kama haki, ashe garin na kan tudu ne kusan mita 1,750 sama da teku.

Ranar Asabar 31 ga wata ya ce in shirya ya samo mana tikiti, Springboks na Afirka ta Kudu za su kara da All Blacks na Niyu Zilan. Na ce "Yaya, kuɗin nan da ka sai mana nama da shi ai ya fi, me zan kalla a ƙarti suna danne juna?" Ya ce kai dai sa rigar sanyi ka biyo ni.

A hanya ne ya ba ni labarin gabar, kuma wallahi ban san ta taɓa shafar mu ba. Tun 1921 ƙasashen biyu ke karawa. A zamanin wariyar launin fata in All Blacks za su zo Afirka ta Kudu sai su bar 'yan wasansu na ƙabilar Maori a gida don kada ran masu masauki ya ɓaci, haka aka yi a 1928 da 1949 da 1960, da aka bar su suka zo a 1970 kuwa sai aka ce an ba su matsayin farar fata na girmamawa, ka ji rainin hankali. A 1976, ana cikin jimamin yaran da 'yan sanda suka harbe a Soweto, All Blacks suka sake zuwa, wannan ya sa ƙasashen Afirka sama da 20 suka janye daga gasar Olamfik ta Montreal, har da Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan. Wato akwai 'yan wasanmu da suka sha atisaye shekara da shekaru suka rasa Olamfik saboda wasan da mu ko dokokinsa ba mu sani ba. Da Springboks suka je Niyu Zilan a 1981 kuma ƙasar rabewa ta yi biyu, masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamilton aka fasa wasa, a Okland wani ya hau ƙaramin jirgi yana ta jefo ƙullin fulawa a kan 'yan wasa ana tsaka da karawa.

Filin Ellis Park yana Doornfontein, tsohuwar unguwa ce da Yaya ya ce in riƙe wayata da kyau. Ko'ina koriyar riga, hayaƙin gashin nama ya turnuƙe titi, giya kuwa sai dai mutum ya kau da kai. Mutum kusan dubu 60 ne a ciki. Wani dattijo farar fata da ke gefenmu da ya ji daga Najeriya nake, ya nuna min wajen da Mandela ya tsaya a 1995 sanye da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar, ranar da Springboks suka doke All Blacks suka ci kofin duniya 15 da 12 da bugun Joel Stransky a ƙarin lokaci. Ya ce Jonah Lomu na All Blacks da ya tattake Ingila a wasan kusa da na ƙarshe, ranar bai tsallaka layinsu da ƙwallo ya ci maki ba, kuma har ya bar wasa bai taɓa tsallakawa ba. Shekara kusan talatin amma mutumin nan yana faɗa jijiyar wuyansa na tashi.

Bayan taken ƙasa sai aka zo wajen haka, wato rawar Maori da All Blacks ke yi kafin wasa, suna dukan cinya da ƙirji, suna zare ido suna zaro harshe, wani na ba da waƙa saura na amsawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ga ɗan dambe ya ɗaga hannu yana kirari a gaban abokin karawarsa ya san abin da ake nufi, a karya maka zuciya tun ba a taɓa jikinka ba. Su Maori sun ce al'ada ce da girmamawa, na yarda, amma a 2005 da suka fito da sabon salo mai suna Kapa o Pango, a gaban Springboks ɗin nan suka fara yin sa a Dunedin, har da jan yatsa a maƙogwaro, kowa ya fassara da kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowace ƙasa ke neman amsar da za ta ba su. A 1989 kyaftin ɗin Ayalan Willie Anderson ya jawo mutanensa suka yi ta matsowa har hanci ya kusa taɓa hanci. Faransawa a Kadif a 2007 suka jeru daf da su da riguna launin tutarsu, suka kuma fitar da su daga kofin duniya 20 da 18. 'Yan Wales a 2008 suka tsaya ƙyam bayan an gama suka ƙi motsawa, su ma All Blacks suka ƙi, alƙalin wasa na ta lallashi. Ingila a Yokohama a 2019 ta yi musu layi mai siffar V, aka ci ta tarar fam 2,000, ta ci wasan 19 da 7, araha kenan.

Mu namu ranar ba haka ya kasance ba. 'Yan Springboks dai sun jeru sun yi shiru suna kallo, amma 'yan kallo suka ɓarke da waƙa da ihu, kafin a gama sai kiɗa a lasifika da wasan wuta, ga wani ƙaton jirgi A380 ya ratso ta saman filin ƙasa-ƙasa har kujera na rawa, ni dai salati na kama. Dattijon nan murna yake kamar ya yi tsalle. A ganina abin bai yi tsari ba, in ka isa ka tsaya ka kalli mutum ido cikin ido ya gama, rufe masa murya da lasifika ba jarumta ba ce. Daga baya hukumar zari-ruga ta ƙasar ta nemi afuwa ta ce kuskuren lokaci ne.

Kuma hayaniyar ba ta tsorata kowa ba, don baƙin ne suka yi ta jan ragama har 27 da 17, filin ya yi tsit, dattijo ya daina ba ni tarihi. Abin da ya karya su yana kan benci. Springboks na da ɗabi'ar ajiye manyan ƙarti shida, wani lokacin bakwai cikin mutum takwas na canji, su sako su bayan hutun rabin lokaci sa'ad da ƙafar abokan karawa ta yi nauyi iskar tudun nan ta fara cin ƙirjinsu. Daga inda nake ina jin ƙarar haɗuwar kafaɗu in an yi turereniya, talabijin ba ta kawo wannan sautin. Aka ba ɗan Niyu Zilan ɗaya katin gargaɗi ya fita na minti goma, Kwagga Smith ya dangwala ƙwallo a bayan layi, Grant Williams ya ƙara, dukansu daga benci suka shigo, aka tashi 31 da 27.

Mun daɗe kafin mu fita saboda cunkoso, sanyi ya sauko, muka tsaya a Fordsburg muka ci biriyani. A nan Yaya ya duba waya ya ce Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗinsu a 2018, ya ji rauni a fuska, daga baya aka tabbatar hancinsa ne ya karye. Asabar ta gaba ina Kano na nemi wasan Kef Tawun a waya, sai ga shi a fili da karyayyen hancin, har ya tsallaka layi, suka sake cin All Blacks 18 da 12.